Zanen Fuskar Malam Ma'u

Abdullatif yana durƙushe a bakin ƙofar ɗakin Inna Halimatu, kansa a sunkuye, idonsa a kan tabarmar da ke gabansa. Haka yake yi duk ranar da ya zo Dudunni daga Kankia ya shigo gaida mahaifiyar yarinyar da zai aura. An riga an sa ranar aurensa da Zuhura, da zarar an kawar da amfanin gona za a ɗaura, amma har zuwa wannan rana bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskar wani babba na gidan ba, domin a kan haka aka tarbiyyantar da shi.

Da wutsiyar ido kawai yake hango abin da uwa da 'ya suke gardama a kansa. Hoto ne guda ɗaya, rataye a ƙusa sama da jeren kwanukan da Inna ta zo da su tun tana amarya. Hoton mijinta ne, marigayi Malam Ma'u, wanda ya rasu Zuhura tana da shekara uku, kuma ban da wannan ba shi da wani hoto a duniya. Yana zaune cikin farar riga, ya ɗora hannu a kan wani rediyo, ya tsuke baki irin yadda mutanen da suke yi idan aka ce su dubi kyamara. Shekaru sun bi ta kan takardar, launinta ya koɗe, laima ta ci gefenta, ta yi tsage-tsage ta ko'ina.

"Inna, don Allah, kwana bakwai kacal!" in ji Zuhura. "Gyara shi zai yi a kwamfuta. Editin ake ce masa. Wallahi sai kin ga kamar jiya aka ɗauke shi."

Inna ta ci gaba da tsince waken da ke cikin faifanta. "Auta, mi ya lalace da za a gyara? Ni ina ganin shi sarai."

"Ke kina ganinsa ne saboda kin san shi. Ni fa? Ban san fuskar Baba ba sai a wannan takardar, ita ma kullum ƙara ɓacewa take yi. Nan da shekara biyar me zan nuna wa 'ya'yana?"

Hannun Inna ya tsaya a cikin waken. Sannan ta miƙe, ta sauke hoton da kanta, ta goge gilashinsa da gefen zanenta, ta naɗe shi a cikin wani tsohon kallabi.

"Tun da aka rataye shi bai taɓa kwana a waje ba," ta ce, tana magana da Zuhura amma saƙon na mai durƙuso ne. "Ki ce masa amana ce."

"In sha Allahu, Inna," Abdullatif ya amsa, murya ƙasa-ƙasa.

Shi ba mai hoto ne na sana'a ba. Da safe yana tsaron shagon yayansa a Kankia, da rana kuwa sai ya rataya wata kyamara ta hannu da ya saya, ya bi gefen gonaki yana ɗaukar abin da mutane suke takawa su wuce: furen wake, raɓa a kan ganyen dawa, fara a kan zangarniyar gero. Daga baya abokai suka fara kiransa bikinsu, kuma a wani biki a Kusada ne ya fara ganin Zuhura cikin ƙawayen amarya. Ya koyi gyaran hoto shi kaɗai, ta hanyar kallon bidiyo a waya, har ya kai yana jin babu tabon da zai gagare shi.

Da ya isa gida sai ya jingina hoton kusa da taga, ya ɗauke shi da kyamara sau ɗaya ta cikin gilashin. Hoton ya fito, amma bai gamsar da shi ba. Ya ce a ransa idan ya fitar da takardar daga firam ɗin zai sami wanda ya fi wannan kyau. Ya zare ƙananan ƙusoshin baya, ya ɗaga kwalin, ya kama gefen takardar ya ja a hankali.

Ƙiii!

Bai san cewa laimar shekaru ta manne takardar da gilashin ba. Riga da rediyo suka biyo hannunsa, fuskar kuwa ta tsaya a jikin gilashi, ɓawo-ɓawo. Cikin ruɗewa ya jiƙa auduga ya ɗan shafa ko za ta saku. Nan take launin ya narke, ya gangaro kamar ruwan kwata.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Ya zauna daɓas a ƙasa.

Da hankalinsa ya ɗan dawo sai ya tuna da wanda ya ɗauka da kyamara. Ya ɗora shi a kwamfuta ya duƙufa. Kwana huɗu yana bin tsage-tsagen takardar ɗaya bayan ɗaya yana shafewa. A kumatun marigayin ya tarar da wasu siraran layuka, uku a dama, uku a hagu. Ya ɗan yi mamakin yadda karce zai jeru daidai haka, amma tunda sun shiga cikin sauran tsagewar, sai ya bi su ya shafe tas. Ya gyara hasken fata, ya farfaɗo da farin rigar, ya adana aikin a kan na asalin ba tare da ya ware kwafi ba. Washegari kuma, a wurin bikin wani abokinsa, memorin kyamarar ya cika ana tsakiyar ɗaukar ango, sai ya yi masa fomat, duk abin da ke ciki ya goge.

Ya je Katsina aka wanke masa sabon hoton, ya saka shi a sabon firam mai ruwan zinariya. Ragowar tsohon kuwa ya sa a ambulan ya tura ƙarƙashin katifa. Zuciyarsa ta yi ta ce masa ya kira Zuhura ya faɗa mata gaskiya, shi kuma yana ba ta amsa da cewa idan suka ga kyan sabon, babu wanda zai tambayi tsohon.

Ranar Juma'a da la'asar ya isa Dudunni, ya tarar da baƙo a tsakar gida. Baffa Sodangi ne, ƙanen marigayin kuma waliyyin Zuhura, ya zo daga Kunduru don a tsara hidimar biki. Sau ɗaya Abdullatif ya taɓa zama gabansa, ranar da aka kawo shi gaisuwa, kuma abin da ya iya tunawa da shi kawai shi ne takalmansa da muryarsa. Ya durƙusa nesa ya gaishe su, ya miƙa wa Zuhura ƙunshin.

Ta warware kallabin, ta daka tsalle. "Wayyo Allah, Baba! Inna, dubi! Kai, Yaya Latif, ka iya aiki — dubi yadda ya fito fes!"

Inna ta karɓa da hannu biyu. Ta matsar da shi kusa da idonta, ta nisantar, ta juya wajen haske. Murmushin da ta fara ya ɓace a hankali.

"Wane ne wanga?" ta tambaya.

"Haba Inna, Baba ne mana!"

"Rigar tasa ce. Hular ma tasa ce. Amma wanga ba Malam ba ne. Ina zanensa?"

Baffa Sodangi ya miƙa hannu aka ba shi. Ya duba sau ɗaya ya ajiye a kan tabarma.

"Yaro, ɗago kanka."

"Baffa, ai..."

"Na ce ka ɗago ka dube ni!"

Abdullatif ya ɗago, karo na farko. A kumatun dattijon, sama da farin gemunsa, ga layuka nan sirara, uku a dama, uku a hagu.

"Ka gani?" in ji Baffa, yana shafa kumatunsa da yatsa. "Wanzami guda ya yi mana, ni da Yaya, a zauren gidanmu, kamar yadda aka yi wa ubanmu da kakanmu. Da, in mutum ya shiga kasuwar Kankia da zanen nan, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne. Yanzu an daina yi, mun kuma yarda an daina. Amma shi da abinsa ya rayu, da abinsa aka binne shi. Kai kuma ka dube shi ka ce datti ne."

"Wallahi, Baffa, na zaci karcewar takarda ce. Ban sani ba."

Inna ta yi ajiyar zuciya. "Ba komai, yaro ne, bai tarar da zamanin ba. A ɗauke wanga, a maido mini da tsohona, ya ishe ni."

Abdullatif ya sake sunkuyar da kai. Zuhura ta dube shi, ta sake dubansa.

"Yaya Latif, ina tsohon? Ka bar shi a gida ne?"

Da ƙyar ya iya ba da labarin, tun daga zare ƙusoshi har zuwa audugar da ya jiƙa. Da aka tambaye shi wanda ya ɗauka da kyamara kafin ya gyara, ya ce shi ma babu. Inna ta miƙe tana dafa bango, ta shige ɗaki ta saki labule. Zuhura ta dafe kai da hannu biyu ta fashe da kuka.

"Ni na roƙe ta! Ni na sa ta sauke shi da hannunta!"

Baffa ya bari sai da kukan ya lafa, sannan ya yi magana a natse, natsuwar da ta fi tsawa ban tsoro.

"Kuskure ba ya hana aure, kowa na yin sa. Amma kwana bakwai kana ɗauke da maganar nan, ka zo mana da abu a naɗe cikin ruwan zinariya, kana jiran a yaba maka. Da ba a tambaya ba, da ba ka faɗa ba. To gobe in ka ɓata wani abu a rayuwar ɗiyata, haka za ka shafe shi ka kawo mana mai kyau? Maganar rana a dakata. Kada ka sake tako gidan nan sai na neme ka. In aka gama girbi zuciyata ba ta kwanta da kai ba, zan mayar wa iyayenka da kayansu."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi wa Abdullatif nauyi. Mahaifinsa ya ƙi zuwa ba da baki, ya ce wanda ya ɓata shi ya san hanyar gyara. Zuhura ta yi kwana tara ba ta ɗaga wayarsa ba. Ranar da ta ɗaga, muryarta a dashe take.

"Ba na so a raba mu, Allah ya sani," ta ce. "Amma ƙusar tana nan babu komai a jikinta, kuma kullum Inna ta idar da salla sai ta juya ta dube ta. Ba na iya haɗa ido da ita."

Abokinsa Sagir ya same shi a shago ya yi tagumi, ya ji labari, ya kwashe da dariya. "Kai ma dai! Wannan ai aikin minti biyar ne. Ka samo hoton Baffan, ka kwafo zanen ka manna a fuskar, ka ɗan sa filta ya tsufa. Ka ce musu ka yi rikoba, ka dawo da wanda ya goge daga memori. Wa zai gane?"

Abdullatif ya san zai iya, kuma ya san da wuya a gane. Ya yini yana juya maganar, daga ƙarshe ya girgiza kai. "Ƙarya ɗaya ce ta kawo ni nan, Sagir. Ba zan rataya wa Inna wata a bangonta ta riƙa kallo bayan salla ba."

Ya yanke shawarar aƙalla ya mayar da ragowar tsohon hoton ga masu shi. Da ya zaro takardar daga ambulan ya juya bayanta, sai ya ga wani hatimi mai ruwan shuni da ya kusa gogewa. Ya kai shi bakin taga ya karanta: Ɗanmaliki Mai Hoto, Bakin Kasuwa, Kankia.

Shagon ya daɗe da zama wurin cajin waya. Wani tsohon tela da ke maƙwabtaka da wurin ne ya gaya masa cewa tun da wayoyi masu kyamara suka cika gari Ɗanmaliki ya rufe ƙofa ya koma garinsu Mawashi yana noma. Washegari Abdullatif ya hau babur.

Ya tarar da Ɗanmaliki a ƙarƙashin dalbejiya yana gyaran ƙotar fartanya, idonsa ɗaya ya yi fari. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon sai ya ajiye fartanyar.

"Kai ma mai hoto ne? To wa ya rage? Jikata mai goyo ma mai hoto ce yanzu." Ya yi dariya, sannan ya gyara zama. "Ka jiƙa hoto da ruwa? Subhanallahi! Ku yaran zamani kun san maɓalli, ba ku san takarda ba."

"Baba, ko kuna ajiye fim ɗin da kuka ɗauka?"

"Ni ban taɓa yar da fuskar mutum ba."

Ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, wari mai tsami ya bugi hancin Abdullatif. Akwatin cike yake da yankakken fim, dami-dami, an ɗaure da tsumma, babu suna babu shekara. Aikin shekara goma sha takwas ne.

"Zan gane shi," Abdullatif ya ce, yana ƙarfafa kansa. "Ya ɗora hannu a kan rediyo."

Ɗanmaliki ya yi dariya har da tari. "Rediyon ai nawa ne! Duk wanda ya sayar da gyaɗarsa ya zo hoto, da shi yake ɗauka. Rabin mazan akwatin nan hannunsu na kan rediyon." Sannan ya ɗaga yatsa. "Sharaɗi guda. Ko yanki ɗaya ba zai bar gidan nan ba. Ka ga yadda aro ya ƙare da kai."

Haka Abdullatif ya fara zarya. Kullum bayan azahar sai ya bar shago ya kama hanyar Mawashi. A jikin fim komai a juye yake, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, ba a gane mutum da ido. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya kunna farin haske a fuskar wayarsa, ya shimfiɗa fim ɗin a kai, ya ɗauka da kyamara daga sama, sannan ya juya launin a kwamfuta. Fuskoki suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, amare da ashobinsu, samari riƙe da sababbin kekuna, dattawa da carbi. Ɗanmaliki yana gefensa yana leƙe da lafiyayyen idonsa.

"Wanga mahauci ne, ya rasu a hanyar Makka. Waccan ɗiyar Sarkin Noma ce, ranar ta yi ta kuka wai janbakinta bai fito ba. Dubi billen wancan, mutanen Kunduru ne ta wajen uba."

A wurin tsohon ne Abdullatif ya koyi karanta fuska. Ya gane cewa kusan duk manyan da ya tashi yana gaisarwa da kai a sunkuye suna ɗauke da tarihin gidajensu a kumatunsu, shi bai taɓa gani ba. Wani lokaci yakan manta da abin da ya kawo shi, ya tsaya yana kallon Kankiyar da bai tarar ba, ta masu kekuna da manyan riguna.

Aka yanke gero aka ɗaure. Dawa ta nuna, aka fara karya ta. Mata suka shiga roron wake. Duk amalanken shanun da ya wuce shi a hanya ɗauke da dammai yana tuna masa cewa wa'adin Baffa yana ƙaratowa. Sau biyu ya zaci ya samu, ya ƙara girman hoton sai ya ga wani ne dabam. A mako na biyar, ranar wata Talata, akwatin ya kusa kaiwa ƙasa, ya shimfiɗa wani yanki da laima ta ci. Hoton farko na jiki ya lalace gaba ɗaya, sai hula da gefen rediyo. Ya san hular. Kwana huɗu ya yi yana gyara ta. Ya ce a ransa shi ke nan, wannan ma ya tafi.

"Matsa gaba," in ji Ɗanmaliki. "Wani lokaci nakan ɗauka sau biyu."

Ya matsa, ya ɗauka, ya juya launin. Malam Ma'u ya bayyana, da rigarsa da hularsa da zanensa uku-uku raɗau a kumatu. Amma a nan bai tsuke baki ba. Ya karkatar da kai yana ƙyaƙyata dariya, idanunsa sun kusa rufewa.

"Af! Na tuna shi!" Ɗanmaliki ya buga cinya. "Mutumin Dudunni! Cewa ya yi in kunna masa rediyon ya ji labarai kafin a ɗauka, na ce masa ai fanko ne, ba komai a cikinsa. Shi ne ya fashe da dariya daidai ina dannawa. Ban wanke wanga ba, lokacin ba mai karɓar hoton da haƙoransa suka fito."

Akwai wani baƙin tabo a kafaɗar rigar, da dogon karce da ya ratsa labulen baya. Hannun Abdullatif ya nufi wurin shafewa da kansa, saboda sabo. Ya tsaya, ya janye hannun, ya rufe kwamfutar.

Tunda an hana shi zuwa Dudunni, sai ya nufi Kunduru. Ya sami Baffa Sodangi a masussuka ana auna dawa a buhu. Ya durƙusa a cikin ƙaiƙayi ya miƙa abu biyu, ambulan ɗin ragowar tsohon hoto da kuma sabon, a cikin firam na katako marar ado.

"Baffa, wannan shi ne abin da na ɓata, na dawo da shi. Wannan kuma daga fim ɗin mai hoton da ya ɗauke shi na samo. Ba shi ne ainihin wanda Inna ta ba ni ba, wancan ya lalace har a fim ɗin, ba zan iya dawo da shi ba har abada. Ban taɓa komai a jikinsa ba ban da juya launi. Tabon nan da karcen nan haka na same su."

Baffa ya karɓa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya juya wa ma'aikatansa baya, ya kai hannun rigarsa ga idonsa.

"Yaya ke nan," ya ce. "In ya fara dariyar nan sai an riƙe shi." Ya share fuska, ya gyara hula. "Ta da babur ɗinka, mu tahi Dudunni."

Inna tana bakin murhu suka shiga. Baffa bai yi wani bayani ba, ya ɗora mata hoton a cinya. Ta duba, ta kai hannu baki, sai ga dariya da hawaye sun zo mata tare.

"Malam! La ilaha illallahu, shi ne! Ranar nan ce fa. Da ya dawo daga Kankia ya ba ni labarin rediyon da ba ya magana, yana faɗa yana riƙe ciki, har tuwonsa ya huce." Ta bi zanen da yatsa ta kan gilashi, ɗaya bayan ɗaya. "Auta, zo ki ga ubanki."

Zuhura ta fito daga ɗaki ta durƙusa kusa da ita. Ta ƙura wa hoton ido, sannan a hankali ta kai yatsa ta taɓa haƙoranta na gaba.

"Inna... wushirya gare shi? Irin tawa?"

"A wurin wa kika samo ta? Duk ranar da kika yi dariya shi nake gani. Ban taɓa faɗa miki ba ne, don in na fara ba zan iya ƙarasawa ba."

Zuhura ta kifa kai a kafaɗar uwarta tana kuka, amma ba irin kukan wancan karon ba. Abdullatif yana durƙushe can nesa kusa da turmi. Baffa ya ba Inna labarin akwatin ƙarfe da zaryar mako biyar kamar yadda ya ji a hanya, bai kuma ɓoye mata cewa tsohon hoton ya tafi ke nan ba.

Inna ta share ido da gefen mayafinta. "Na yi kewar wancan hoton, shekara ashirin muna tare. Amma ni wanga na aura." Ta ɗan juya wajen turmin. "Na yafe maka, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"Rana tana nan inda aka sa ta," in ji Baffa. "Ka gaya wa mahaifinka ina tafe jibi."

An ɗaura auren Abdullatif da Zuhura a Dudunni bayan an gama kai amfanin gona rumbu, kuma Ɗanmaliki yana cikin waɗanda suka shaida, a sahun gaba.

Wannan labari darasi ne gare mu matasa, waɗanda Allah ya sanya kayan zamani a hannunmu. Ba duk abin da idonmu bai saba da shi ba ne aibi, don haka kafin mu gyara abin da muka gada, mu fara tambayar waɗanda suka san shi. Idan kuma amana ta lalace a hannunmu, mu faɗa tun da wuri da bakinmu, domin ɓoyewar ce ta kusa raba Abdullatif da Zuhura, ba kuskuren ba. Da ya bi gajeriyar hanya ya rufe ƙarya da ƙarya, da wataƙila ya sami matar, amma da ya rayu yana tsoron bangon ɗakin surukarsa. Ya zaɓi gaskiya, ya yi haƙuri da wahalarta, Allah kuma bai tozarta shi ba.